Yadda Majalisar Jiha Ta Gyara Arvo Lahti

Shekara talatin da ɗoriya ina zuba wa Arvo Lahti gahawa a shagon abincina, kuma in ka cire daga bara zuwa yau, ban taɓa zuba masa a tambayar farko ba. Sai in zo kansa da buta in ce, "Arvo, a ƙara?" Ya dafe bakin kofi da tafin hannu ya ce, "A'a, Marlys, na gode, ya isa haka." In je in juya ƙwai a kasko in dawo. "Arvo, ɗan kaɗan dai." Ya ce, "Haba, kada ki wahalar da kanki, bar wa masu shigowa." In zagaya in goge tebur, in sake dawowa. "Arvo, zubarwa fa zan yi." Sai a nan ne zai janye hannu a hankali, kamar wanda aka yi wa dole, ya ce, "To, in dai zubarwa za ki yi." Alhali tun ina bakin murhu nake ganin idonsa a kan butar.

Ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda aka haifa a garinmu Kettula haka aka raine shi: ba ka karɓar abu sai an yi maka tayi sau uku, mai tayin ma ya san bai yi komai ba sai ya kai na ukun. Wanda ya ce "e" tun karon farko, ko baƙo ne ko mara kunya. Sai dai mu sauran a baki muke yi, shi kuwa Arvo abin ya shiga har ƙashinsa.

Ubansa mai saran katako ne a daji, uwarsa tana girki a makarantar firamare. An ce ranar da ya faɗa ramin ƙanƙara a tafkin da ya daskare yana yaro, wani maƙwabci ya miƙo masa sanda, shi kuwa yana karkarwa, leɓe ya yi shuɗi, sai ya ce, "Kada ka jiƙa safar hannunka saboda ni." Ban gani da idona ba. Butch Wozniak ne, abokin aikinsa, ke ba da labarin, Butch kuwa in ya ce maka gari ya waye, leƙa waje tukuna. Amma duk wanda ya san Arvo bai taɓa musantawa ba.

A sakandare wata yarinya da iyayenta suka taso daga birni ta neme shi rawa a bikin ƙarshen shekara. Sau ɗaya ta tambaya, baiwar Allah. Ya ce a'a, ya jingina da bango yana jiran ta dawo. Tana can yanzu ta tara jikoki da wani dillalin motoci. Darlene ce, 'yar garin nan, ta san kan abin. Ita ta kawo maganar aure da bakinta, ta maimaita, ta sake maimaitawa, ya ce, "To, in dai ba ki da wani." Suka zauna lafiya, ba su haihu ba, har ciwon daji ya ɗauke ta 'yan shekarun baya. Da tana raye da ba ni da labarin da zan ba ku, don da ta fizge wayar daga hannunsa ranar da abin ya faru.

Yana saurayi ya shiga aikin kwalta a kamfanin tsoho Orval Brandvold, ya fara da shebur, ya ƙare a kan rola, motar nan mai ƙatuwar ganga da ke danne kwalta tun tana zafi. Duk titin da ka taka a yankin nan, Arvo ya riga ka bi ta kansa a hankali, gaba da baya, da hularsa mai baki. Ba shi da wani abin taƙama a duniya sai wannan kujera. In muna tafiya coci a mota ɗaya, sai ka ga ya yi shiru yana sauraron taya, kamar mai jin numfashin jariri.

To, kwalta ba ta zubuwa a kan ƙasar da ta daskare. Da Nuwamba ta kama, Orval zai sallami kowa, a rufe injuna, mazan su koma karɓar inshorar rashin aiki, wadda kamfani ya yi ta zuba wa jiha a kansu duk tsawon shekara. Mu kuɗin sanyi muke ce masa. Tsohuwar doka ta ce wanda kamfaninsa zai sake kira idan ƙanƙara ta narke ba sai ya yi yawon neman wani aiki ba, kuma haka aka yi ta yi tun ina budurwa. Arvo kan cinye watannin nan yana kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar duk gwauruwar da ke layinsu, yana gyaran tukunyar ɗumama coci, in ya sami sarari ya je tafki ya zauna a bakin ramin da ya huda a ƙanƙara yana jiran kifi. Wannan shi ne malalacin da majalisar jiharmu ta gano daga baya.

Kowane Afrilu kuwa sai an yi abin da muka saba gani. Orval zai buga masa waya: "Arvo, za ka dawo bana?" Ya ce, "Kai, yallaɓai, kada ka damu da ni, akwai matasa." Ranar Lahadi Orval ya tare shi a ƙofar coci ya sake tambaya. Ya ce, "Ka dai duba, wataƙila wani ya fi ni buƙata." Na uku a shagona ake yi, a teburin da ke jikin taga. Orval ya ce, "Arvo, rolar nan ba ta jin maganar kowa sai taka." Arvo ya kalli kofinsa ya ce, "To, in dai babu wani." Su yi musabaha, sannan su ɓata rabin safiya suna gardamar wanda zai biya kek ɗin tuffa. Babu takarda, babu sa hannu, kuma ba a taɓa fara kakar aiki babu Arvo ba.

Abu biyu suka haɗu a shekara ɗaya. Na farko, gwiwoyin Orval suka gaji, ya sayar da kamfanin ga wasu manya daga wata jiha, ya koma kudu wurin 'yarsa, inda ba a san ƙanƙara ba sai a cikin kofi. Na biyu, majalisa ta zauna ta yi tunani, abin da ba ta cika yi ba, kuma duk lokacin da ta yi sai mun ji a jikinmu.

Ɗan majalisarmu na cikin waɗanda suka kawo ƙudirin. Na san shi sarai. Ya shigo shagona kafin zaɓe, ban gama cewa "ko za ka ɗanɗana" ba ya riga ya ja farantin kek, ya kuma nemi yanka na biyu da bakinsa. Tun ranar na san jihar nan ta shiga uku. Mutumin da majalisarsu ke tafiya hutu fiye da rabin shekara da albashinsa cif, shi ne ya tsaya a talabijin yana cewa zuciyarsa na ƙuna in ya tuna akwai ƙarti majiya ƙarfi da ake biya suna zaune. Allah Sarki. Har na so in aika masa da ruwan sanyi.

Suka sa wa abin suna Dokar Mutunta Aiki. Ta ce daga yanzu kowa sai ya nemi aiki kowane mako, ko da kamfaninsa na jiransa. Ta ce duk mai kamfani ko mai shago da ya yi wa wani tayin aiki aka ƙi, dole ya shigar da sunan mutumin a kwamfutar jiha cikin 'yan kwanaki, in bai yi ba a ci shi tara. Wanda aka shigar kuwa, kuɗinsa ya tsaya nan take. Don kada masu kamfani su yi sanyin jiki, aka ɗan shafa musu zuma: in mutanenka kaɗan ne ke karɓar kuɗin sanyi, abin da kake zubawa zai ragu. Ni ma mai shago ce, an aiko mini da littafin bayani mai kauri. Yana nan yana aiki, shi na sa a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

Sai ga lokacin sanyi ya zo mana da sabon wasa. Garin da shagunansa ba su cika yatsun hannu biyu ba, ga maza gari guda suna neman aiki a cikinsa kowane mako. Butch, ƙaton da ba ya shiga ƙofata sai ya karkace, zai leƙo ya ce, "Uwar ɗakina, akwai gurbin mai wanke-wanke?"

In ce, "Babu, ɗan nema. Kai da ko kofinka ba ka taɓa ɗauraya ba."

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Kada ki kuskura ki canja ra'ayi." Ya wuce shagon gyaran gashi ya nemi aikin kitso.

Kowa ya ɗauki abin a yadda yake, ban da Arvo. Shi sai ya goge riga, ya taje gashi, ya cire hula tun daga bakin ƙofa. "Marlys, ki yi haƙuri, ba don in takura miki ba, doka ce ta sa. Ko kina da aiki?" In ce babu. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Madalla, na gode ƙwarai." Daga nan ya lura famfona na ɗiga, ya tuɓe rigar da ya goge ya gyara shi, ya ƙi karɓar ko sisi. Haka ya yi ta bin shaguna yana neman aiki, yana yin aikin kyauta, yana ba da haƙuri. Aiki dai ya mutuntu.

Sabbin masu kamfani suka turo mana manaja, Kendra Whitlock, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yar ƙanwata ba, tana yawo da kwat biyu a jiki tana tsine wa sanyi. Ba muguwa ba ce, kada a ce na ce. Baƙuwa ce kawai. In na ce a ƙara gahawa sai ta ce "e" ta miƙo kofi, tana murmushi, ba ta ma san ta yi abin kunya ba.

Ranar da ta buga waya Arvo na zaune a shagona, farkon Afrilu, da safe, wurin a cike. Ya lalubo wayar da Darlene ta saya masa, ya miƙe zaune, ya gyara murya. Duk muka ji abin da ya ce.

"Kai, Madam, kada ki damu da ni. Akwai matasa masu iyali." Ta yi wata magana daga can. Ya ce, "A'a, a'a, babu komai, wallahi. Na gode da kika tuna da ni." Ya ajiye wayar fuskarsa fal da annuri, ya ce, "Yarinyar nan tana da ladabi."

Butch ya ce, "An fara ke nan. Saura biyu." Muka ci gaba da cin abinci. Cikin mutanen da ke shagon nan babu wanda ya ga wani abin damuwa, don duk 'yan Kettula ne, kuma abin da muka ji gaisuwa ce.

Ranar Lahadi Arvo ya tsaya a ƙofar coci har kowa ya watse, har mai shara ya ce zai kulle. Kendra ba cocinmu take zuwa ba, ban ma san ko tana zuwa wani ba. Ya ce wataƙila mura ta kama ta. Ya koma zama a teburin jikin taga kowace safiya da sabuwar hula, yana ɗaga kai duk lokacin da ƙofa ta motsa. Tambaya ta biyu ba ta zo ba. Abin da ya zo wasiƙa ce daga ofishin jiha, tana sanar da shi cewa an tsayar da kuɗinsa saboda an yi masa tayin aikin da ya dace da shi ya ƙi. Da Mayu ta shigo motocin kamfani suka fito a jere ta gaban shagona, rolar tana kan babbar mota, wani mutum daga garin gaba yana zaune a gaba yana cin burodi. Arvo ya bi su da ido har suka sha kwana, bai ce uffan ba.

Ni kuwa na ce. Na kwance ƙyallen girkin da na ɗaura, na bar albasa a kan wuta, na tafi ofishin Kendra a ƙafa don in huce a hanya, ban huce ba.

Na ce, "Ke, me Arvo ya yi miki?"

Ta ce, "Ni? Shi na fara kira kafin kowa. Ya ce ba ya so."

"Sau nawa kika tambaye shi?"

"Sau nawa kamar yaya? Ai ba kurma ba ne."

"Tirƙashi! A'ar farko ai sallama ce, 'yar nan! Ta biyu ladabi. Sai a ta uku ake magana."

Ta yi sororo tana kallona kamar na ce mata a nan da ka muke tafiya. Sannan ta juyo mini da kwamfutarta. "Mama, duba. Gida biyu ne: ya karɓa, ya ƙi. Babu gidan sallama. In ban cika ba a ci kamfani tara, ni kuma a kore ni." Idonta ya kawo ruwa, abin da ya ƙara ɓata mini rai, don na zo ne da shirin in tsane ta. Ta ce, "Ki ce masa ya ɗaukaka ƙara. In ya faɗa wa alƙali cewa yana son aikin, rashin fahimta aka yi, ba zan ja ba. Zan ma san yadda zan yi in mayar da shi. Amma shi zai faɗa da bakinsa."

Kalma uku ake nema daga gare shi: ina son aikina. Ni da Butch muka sa shi a gaba muna koya masa kamar ɗan aji ɗaya. Muka tsayar da shi a gaban firjin kicin, Butch ya ce, "Ka ɗauka wannan ce alƙaliyar. Ga ta nan, fara, mai sanyi, ba ta da dangi a garin nan. Faɗa mata." Arvo ya kalli firji ya ce, "Ina son aikina, in ba zai zama damuwa ba." Na ce a cire wutsiyar. Ya sake. Zuwa ranar shari'a yana iya faɗa wa firji ba tare da ya ba ta haƙuri ba, muka ce an ci nasara.

Ta waya ake shari'ar, don jiha ba ta ga dalilin kallon fuskar mutum ba kafin ta yanke masa abinci. Na rufe shago da rana, muka ajiye wayar a tsakiyar tebur, muka buɗe murya. Kendra na kan layi daga ofishinta. Alƙaliyar mace ce, daga jin muryarta ta gaji, kuma akwai wasu masu ƙara da ke jiran ta gama da mu.

Ta ce, "Mista Lahti, an yi maka tayin aiki?"

"An yi, ranki ya daɗe."

"Me ka ce?"

"Na ce kada ta damu da ni."

"Wato ka ƙi."

"To, ai na farko ne, ranki ya daɗe."

"Na farkon me?"

A nan na kasa daurewa, na sunkuya kan wayar na fara bayani tun daga kakanninmu. Ta ce wace ce wannan. Na ce mai shago ce. Ta ce in na sake magana za ta rufe zaman. Na koma na zauna ina huci.

Ta ce, "Bari in sauƙaƙa maka, Mista Lahti. Tambaya ɗaya zan yi. Kana son aikin nan?"

Butch ya ɗaga kwalin ƙwai da ya rubuta E a jiki, ƙatuwa, yana kaɗa shi a gaban hancinsa. Arvo ya buɗe baki. Gumi ya karyo masa a goshi, hannunsa na murza hula. Wallahi ya yi ƙoƙari, na gani da idona. Amma firji ba ta taɓa tambayarsa da muryar mutumin da ya gaji ba.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ba na so a cire wani saboda ni. Kuma na ji kamar aiki ya yi miki yawa yau."

Ta ce, "Na gode, Mista Lahti. Za ka sami hukunci a rubuce." Layin ya mutu.

Butch ya sauke kwalin. Arvo ya dube ni, ya dubi wayar, ya ce a hankali, "Za ta sake kira, ko?"

Na miƙe. Na shiga kicin na yi ta yanka albasar da ba ni da buƙatarta, don in sami abin da zan ɗora wa laifi.

Da zafi ya shigo, 'yan birni masu gidajen hutu a bakin tafki suka iso, Arvo ya koma yankan ciyawa a filayensu. Aikinsa tsaf, har gefen katanga yake bi da almakashi. In mai gida ya zaro kuɗi, Arvo ya ce, "Haba, bar shi, ai ba wani abu na yi ba." Mutumin ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya tafi yana ba abokansa labarin kirkin mutanen ƙauye. Kafin wata ya ƙare duk bakin tafkin sun san lambar wayarsa. Bai taɓa samun aiki da yawa irin na wannan shekarar ba, bai kuma taɓa rama irin haka ba.

Kwale-kwalensa ya fara sayarwa. Sai bukkar kamun kifi. Sai motar Darlene, wadda ya ajiye a rufe tun rasuwarta yana tayar da ita duk Lahadi don kada batir ya mutu. A shagona ya koma gahawa da busasshen burodi. In na ajiye masa ƙwai da dankali sai na yi tayi uku, sannan in ƙara da ƙaryar cewa wani ne ya yi oda ya tafi. Wasu ranakun in na fita sayayya nakan hango motarsa a gefen hanya nesa da inda ake zuba kwalta, gilashi a sauke, yana shaƙar warin. A cikin wannan lokacin ne ɗan majalisarmu ya aiko wa kowane gida da takarda mai sheƙi, da hotonsa sanye da hular kwano, yana mana albishir cewa yawan masu karɓar inshorar rashin aiki ya ragu a jiha. Gaskiya ya faɗa. Na san ɗaya daga cikin waɗanda suka rage masa, yana zaune a jikin tagata, wandonsa na neman zamewa.

A ƙarshen Agusta mutumin garin gaba ya ji labarin albashin rijiyoyin mai a yamma, ya ajiye makullin rola ya kama hanya ko sallama babu. Ga titin makaranta an fasa shi, dole a gama kafin sanyi. Washegari da safe Kendra ta shigo shagona, wurin a cike, ta ratso har inda nake tsaye ta raɗa mini, "Mama, sau uku ne, ko? Na shirya. Na farko yanzu, na biyu bayan na sha gahawa, na uku in zan fita. Har na haddace abin da zan ce a kan rolar."

Wallahi sai da na ji kamar in rungume ta. Na ce, "Je ki, 'yata. Kada ki yi gaggawa."

Ta gyara riga, ta je ta tsaya a gefen teburinsa. Shagon ya yi tsit, kowa ya san abin da za a yi, har Butch ya ajiye cokali yana murmushi, don an daɗe ba mu ga wannan ba.

Ta ce, "Mista Lahti, na san kana da abubuwa da yawa a gabanka, amma ko za ka..."

Arvo ya miƙe zumbur har kujera ta kife a bayansa.

"E," ya ce. "E. Ina so. Ina buƙata. Don Allah ki ba ni."

Da ƙarfi ya faɗa, har na kicin suka ji. Babu wanda ya motsa. Maza suka sunkuyar da kai kan farantansu kamar an tuɓe wa mahaifinsu riga a kasuwa. Kendra ta tsaya baki buɗe da sauran tambayoyi biyu a ciki, ba ta san inda za ta kai su ba. Arvo ya ɗaga kujerar ya mayar da ita mazauninta, ya ajiye kuɗin gahawarsa, ya fita bai kalli kowa ba. Ta taga na ga kunnuwansa sun yi jawur.

Ya koma kan rolarsa. A matsayin sabon ma'aikaci suka ɗauke shi, shekarunsa na baya duk sun bi ruwa, amma ya koma, kuma titin makaranta ya yi sumul. Na san ya kamata in yi murna. Doka ta yi abin da aka rubuta ta domin ta yi: ga mutum ya dawo bakin aiki, ga shi ya koyi amsa tambaya yadda kwamfuta ke so. In ɗan majalisarmu na neman wanda zai ɗauki hoto da shi, ga adireshin shagona.

Ranar Litinin ɗin da zai fara, ya shigo da sassafe cikin rigar aiki, ya zauna a jikin taga. Na ɗauki buta na je kansa kamar kullum.

Na ce, "Arvo, a ƙara?"

Ya turo kofin gabana, bai ɗago ba. Ya ce, "Zuba."

Na zuba. Na je na juya ƙwai a kasko, na dawo da butar a hannuna, na tsaya a kansa, sai na ga babu abin da ya rage in tambaya.